Shekarar da Aka Ce An Kore Ni

Ina aji uku a jami'a, ina karatun ilmin halittu, sunana ya fito cikin waɗanda za a tura Malesiya wata shida su yi nazarin sauro. Da na kai labarin gida Zurmi, Baba ya yi dariya ya ce sauron bayan gidanmu bai ishe ni ba. Dariyar ba ta daɗe ba. Ya tashi ya tura ƙyaure, ya dawo ya zauna.

"Wa ka hwaɗa ma?"

Na ce Kaka kaɗai, mahaifiyarsa. Ita na fara tararwa a zaure.

A wajenmu ba a tafiya mai nisa sai an yi sadaka an roƙi addu'ar mutane. Kafin la'asar Kaka ta sa an soya waina, an raba gida-gida, kowane kwano da saƙonsa: jikanta zai hau jirgi, a sa shi a addu'a. Ta kuma aika wa danginta na Shinkafi. Ba ta yi laifi ba, abin da ta tashi ta ga ana yi ke nan.

Amma a shekarun nan, duk gidan da aka ce ɗansa zai fita waje, masu kai wa 'yan bindiga rahoto suna lissafa shi cikin masu hali. Ba ruwansu da cewa kyauta aka ba ni gurbin. Kwana uku bayan wainar, wani mutum da Baba bai taɓa gani ba ya tare shi a tashar Ƙauran Namoda, ya yi masa barka, ya tambayi ranar tafiyata. Baba ya dawo bai sayi takin da ya je saye ba.

Tsoro ya kama ni yadda ban taɓa ji ba. In babur ya tsaya a ƙofar gida, sai in shige ɗaki. Na ce na fasa. Inna ce ta hana.

"Ba ka hwasawa," in ji ta. "Cewa za mu yi an kore ka."

Matar da ko gwajin aji na ci sai unguwa ta sani, ita ta fita ta shaida wa maƙwabta cewa an kama ni da satar amsa, an janye gurbin, an sallame ni. Mata suka yi ta zuwa jaje. Ina ɗaki ina jin ta tana amsa musu, tana cewa ƙaddara ce. Har Kaka haka aka gaya mata, don bakinta ba ya riƙe magana.

Ranar tafiya na sa tsohuwar riga, na cusa fasfo cikin buhun gero, aka ce zan je Gusau neman aikin ƙarfi. Kaka ta kira ni, ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli a gefen ƙyalle.

"Maigida, kak ka sa abin ga rai. Ni ban yarda ka yi sata ba, ko wa ya hwaɗi."

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Na hango Baba tsaye bakin zaure yana dubana, sai na ce mata na gode.

Daga Zurmi zuwa Ƙaura ban ɗaga kai ba, kowane fasinja gani nake shi ne mutumin da ya tare Baba. Ba wanda ya tare mu. A can Malesiya kuma wata shida ban aika hoto ko ɗaya ba. In Baba ya ba Kaka waya, tambayata take ko kayan da nake ɗauka suna da nauyi, in ce da sauƙi.

Na yi niyyar ranar da na dawo in zauna gabanta in faɗa mata komai. Saura wata ɗaya in dawo, ta rasu. Inna ta ce har makonta na ƙarshe tana faɗa da duk wanda ya kira ni ɓarawon jarrabawa.