Rayuwar Tartsatsi Mai Walda da Ƙofar da Ya Yanka

Tun bayan rasuwar Tartsatsi mai walda ake yaɗa cewa sharri aka yi masa, wai mutum mai amana irin tasa ba zai taɓa haɗa hannu da ɓarayi ba. Masu faɗin haka sun fi yawa cikin waɗanda ba a haife su ba lokacin shari'ar. Shi ya sa aka bi maganar daki-daki, aka tambayi waɗanda suka rage, aka duba takardu.

Haihuwa da karatu

An haife shi a shekarar 1949 a wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa, mahaifinsa mai gyaran keke, mahaifiyarsa ungozoma, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Ya shiga firamare a 1956, ya fita a 1963 da shaidar malamai cewa hannunsa ya fi kansa sauri. A shekarar ne aka kai shi wurin wani tsohon mai walda da kowa ke kira Maigida, wanda dokarsa guda ce: duk ƙarfen da aka yanka, sai an bi bakinsa da magagari an goge, don kada ya yanki ɗan wani. Laƙabin Tartsatsi kuwa ya samo shi ne daga rigunansa, waɗanda ba a taɓa ganin ɗaya babu hudar wuta ba.

Sana'a da aure

A 1972 ya buɗe rumfarsa a bayan tashar mota, a 1974 kuma ya auri wata mai ɗinkin kayan mata, wadda har yau Tela ake ce mata. Ta ce abin da ya fara burge ta shi ne ya gyara mata ƙafar keken ɗinki bai yi surutu ba, abin da bai sake maimaitawa ba tsawon zamansu. Kafin 1979 sun haifi 'ya'ya biyu.

Laifi da ɗauri

A watan Maris na 1979, ranar hutu da tsakar rana, wasu mutum uku sanye da kayan ma'aikata suka fasa wani ɗakin ajiyar tayoyin mota, suka karya wa maigadin wurin hannu. An yanka ƙofar ƙarfen ta baya da wutar walda. Da 'yan sanda suka kira tsohon Maigida ya duba aikin, ya shafa bakin yankan da yatsa ya ji shi sumul, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Wanda ya yi yankan, duk da saurin da ake yi, sai da ya tsaya ya goge bakin da magagari.

An yanke wa Tartsatsi hukuncin shekara bakwai, ya yi shida. A gidan yari ya gyara gadaje da tukwanen girki, ya koyi awo da santimita wurin wani malamin sana'a, ya kuma koyi haƙuri wurin gandirobobi, ko da yake ba da niyyar koyarwa suka yi ba. Dangin Tela sun matsa mata ta koma gida. Ta ce musu kekenta ya yi nauyi, ba mai ɗauka.

Shekarun tsayuwa a waje

Ya fito a 1985, ya sake kafa rumfa, amma aikin mai walda yana cikin gidajen mutane ne, domin ƙarafan taga da ƙofofi sai an shiga an auna, kuma babu magidancin da zai bari wanda ya yanka ƙofa ya ga cikin ɗakinsa. Ana gaishe shi da fara'a, ana kai aikin wani wuri. Wata takwas bai yi komai ba sai ɗinke ƙafar kujera da murhun gawayi.

Tela ce ta samo mafita. Ita tana shiga gidaje auna mata, sai ta fara auna tagogi ma, shi yana tsaye a bakin titi da fensir a bayan kunne. Aikin farko bai yi kyau ba, saboda ita da inci ta auna kamar kowane tela, shi kuwa da santimita ya yanka, ƙarafan suka fito ƙanana, ko kyanwa ba za su tsare ba. Ta ce masa shekara shida ya yi a makarantar gidan yari ya dawo bai san lamba ba. Ya ce mata taga ba ta da ƙugu da kafaɗa. Wata maƙwabciya ta karɓi ƙarafan ta yi wa kajinta ƙofa, kuma an tabbatar da cewa babu kaza ko ɗaya da ta ɓace.

Shekara biyar suka yi a haka. A tsakanin nan sau uku yana zuwa neman gafarar maigadin da aka karya wa hannu, sau uku ana ce masa ba ya nan, alhali ana jin tarinsa daga ciki.

Shiga gida

A 1990 maigadin, wanda ya riga ya yi ritaya, ya aika a kira Tela ta auna masa taga. Ginin tsoho ne, tagar ta karkace, ta auna sau uku tana samun lamba uku. Tsohon ya gaji da kallo, ya leƙa ya hango Tartsatsi a rana, ya ce mata, "'Yata, ce wa mijinki ya shigo. Ƙofar mutane ma ya yanka ta da kyau, balle tawa da na kira shi."

Tartsatsi ya cire takalmi, ya shiga, ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne."

"Na san kai ne. Hannun nan yana tuna mini duk damina. Tashi ka auna."

Labarin ya zaga unguwa kafin fenti ya bushe. Daga shekarar aka fara buɗe masa ƙofa, gida bayan gida, har ta kai ana bar masa mabuɗi a tafi aiki. A 1998 ya faɗaɗa rumfar, ya riƙa ɗaukar waɗanda suka fito daga gidan yari, goma sha huɗu jimilla, kuma ba ya barin ɗayansu ya taɓa wuta sai ya faɗi laifinsa da bakinsa, bayan shi ya fara faɗin nasa.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata da hantsi, a watan Yuni na 2021, yana da shekara saba'in da biyu, bayan gajeriyar jinya. An binne shi da yammacin ranar a maƙabartar bayan gari. Ya bar matarsa Tela da 'ya'ya huɗu: babbar cikinsu ma'aikaciyar jinya, mai bi mata direban babbar mota, na uku da ya gaji rumfar, da auta malamar lissafi, sai jikoki goma sha ɗaya.

Kwafin hukuncin yana nan a aljihun keken ɗinkin Tela. A shafi na uku alƙali ya tambaye shi ko ya san abin da za a yi a ɗakin ajiyar, ya ce ya sani. Ba sharri aka yi masa ba. Shi ya yanka ƙofar.