Na Ƙona Hoton Malam da Hannuna

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi, a kuma sakaya sunana.

A ƙarshen shekarun tamanin ni ne mai hoto a Karaye, kuma a ganina babu na biyuna. Ina da shago a bakin kasuwa, da labule mai zanen jirgin sama wanda samari ke tsayawa a gabansa suna cin magani, da wani ɗan ɗaki mai duhu a baya inda nake wanke fim. Hoto mai kala sai an aika Kano, amma baƙi da fari da hannuna nake wanke shi. Har daga Fulatan ake zuwa ɗaukata in ana suna ko biki. Kaina ya kumbura sosai, ina tafiya da kyamara a wuya ko masallaci za ni.

Ina da amini, malamin firamare ne a Rogo. Ni na koya masa riƙe kyamara, daga baya ya sayi tasa ta hannu. Kullum ina yi masa tsiya, don shi ba ya jera mutane ya ce su tsaya cak. Sai ka ga ya ɗauki jaki a bakin rijiya, ko hannun tsohuwa tana ɓare gyaɗa. Nakan tambaye shi wa zai rataya jaki a ɗakinsa, shi kuma sai ya yi dariya kawai. Mahaifinsa malamin allo ne a Jajaye, dattijo mai kwarjini, wanda tunda yake bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba.

Wata shekara bayan kaka, Malam, wato mahaifin nasa, ya ce zai je Legas ya duba ƙaninsa da ke kwance ba lafiya. Wani direban babbar mota da ya taɓa karatu a gabansa ya ɗauke su, shi da aminin nawa. Daga Legas suka bi ta kudu har Fatakwal, suka dawo ta tsaunukan Jos inda direban ya yi lodin dankali. Sati uku suka yi. Da aminina ya dawo ko gida bai zauna ba, ya zo shagona da fim guda uku a aljihu. Na farko hanya ce da bakin teku. Na biyu ya ɗaure shi da farin zare, ya ce tsaunuka ne, kuma yana jin ya fi kyau. Na uku ya ɗaure da jan zare. Sai ya rage murya ya gaya mini cewa ranar da Malam ya fara ganin teku, ya tsaya ya yi ta tasbihi, sannan da bakinsa ya ce a ɗauke shi sau ɗaya, domin jikoki su ga ikon Allah a bayansa. Ya ce in kula da mai jan zaren kamar idona.

Na fara wanke na farko, na buga, na shanya a igiya a gaban shago. Wallahi tun hotunan suna cikin ruwan magani gabana ya faɗi. Masunta ne suna jan koma, jikinsu baƙi wuluk, kumfar teku fari fat a ƙafafunsu. Ga wata mata da kwandon kifi a ka, inuwarta ta miƙe a kan jiƙaƙƙen yashi. Shekara goma ina sana'ar ban taɓa ɗaukar abu irin wannan ba. Kafin azahar mutane sun cika ƙofar shagon. Wani tela maƙwabcina, mai bakin tsiya, ya ce ashe ɗalibi ya wuce malaminsa, tunda ni ban iya komai ba sai tsayar da mutum kamar an kama shi da sata. Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ba har zuci ba. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin wanki da sauran biyun. Na ce a raina in na teku ya jawo mini wannan, na tsaunuka zai kore ni daga garin. Na yanke shawarar in ƙona mai farin zare, in wanke na Malam da kyau, har ina ganin na yi adalci. Fitilar ɗakin tocila ce da na rufe bakinta da jar leda. Duk mai wanke hoto ya san cewa a ƙarƙashin jan haske ja da fari kusan ɗaya suke, ni ma na sani, amma a ranar hankalina ba ya jikina. Na duba zare, na zaɓi wanda na ga ya fi haske, na zaro fim ɗin gaba ɗaya na buɗe taga rana ta doke shi. Ina sauke idona a kan gwangwanin fim ɗin da ke hannuna, sai na ga zaren ja ne.

Daga baya na wanke ɗayan, tsaunuka suka fito tas, shanu a cikin hazo, duwatsu a kan duwatsu, mata da itace a kafaɗa. Abin da na so in kashe ya rayu, abin da aka ba ni amana ya zama baƙin kirtani.

Da aminina ya zo na nuna masa, na ce da alama murfin kyamararsa ya ɗan buɗe a hanya haske ya shiga. Ya ɗaga fim ɗin sama yana dubawa a rana, ko zai ga ko da inuwar rawani. Bai tuhume ni ba ko kaɗan. Ya ce lallai ya tuna kyamarar ta taɓa faɗuwa a cikin mota, laifinsa ne. Ya je ya roƙi Malam a sake ɗauka a gida, Malam ya ce wancan ma albarkacin teku ne, an gama. Kafin damina ta kama Allah Ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar arba'in aminina ya zo shagona da kyamararsa a naɗe cikin ƙyalle. Ya ce shi ya bar hoto, tunda wanda ya kasa tsare hoton ubansa bai cancanci riƙe kyamara ba. Ya miƙa mini ita, ya ce a hannuna ta fi aminci. Na karɓa, har na yi godiya. Ban taɓa ɗaukar hoto ko ɗaya da ita ba.

Na samu abin da na nema, na ci gaba da zama mai hoton Karaye ni kaɗai, ban kuma ji daɗinsa ko na yini guda ba. Na fahimci cewa hassada ba ta tsayawa inda ka auna mata. Kai kana ganin ɗan abu kaɗan za ka rage wa mutum, ita kuwa sai ta ɗauke wanda ba ya dawowa. Ina jan kunnen duk mai sana'a, in wanda ka koya wa ya fi ka, ka bar aikinsa ka fita waje ka sha iska har zuciyarka ta sauka, kada ka taɓa amanarsa kana cikin wannan hali.

Yanzu mun tsufa. 'Ya'yansa sukan tambaye shi yaya kamannin kakansu suke, sai ya yi ta kwatanta musu da baki, ya ƙare da cewa da yana da hoto, sakacinsa ne ya ɓatar. A gabana yake faɗa, ni kuma ina sunkuyar da kai. Na aiko da wannan wasiƙa ne don in toshe wa kaina hanyar gudu, domin shi ma yana karanta mujallar nan. Ranar Juma'a in Allah Ya yarda zan shiga motar Rogo. Ban san ko zai yafe mini ba, amma dole ya sani cewa kyamararsa ba ta taɓa buɗewa ba.