Matar Japan da ta ƙwace min 'ya

Muna cikin jirgin ruwa daga Staten Island za mu Manhattan, ina ta yi wa 'yata Hafsat magana, ita kuwa ta duƙufa kan littafinta na jami'a tana murmushi.

Rubutun wata mata ne da ta zauna a fadar sarkin Japan shekaru aru-aru da suka wuce. Wai a bayan labule take yini, tana rubuta waƙoƙi da duk abin da ya ba ta haushi. Yanzu Hafsat so take ta je Japan ta ga inda matar ta zauna. Garinmu Damagaram kuwa, rabonta da can tun tana goye.

Raina ya sosu. Na ce, "Kakarki ma a kulle ta yi rayuwa. In tana niƙa tana waƙa, har maƙwabta ke kasa kunne. Ita ba ki taɓa tambayata labarinta ba."

Ta rufe littafin, ta ce da Turancinta, "To Mama, rera min ɗaya."

Na buɗe baki. Amshin kawai ya zo, baitocin duk sun gudu. Na maimaita shi, sai na juya ina kallon ruwa.

Wallahi kishin matar nan nake. Ita ta samu takarda da tawada. Innata kuwa ni kaɗai ta samu.

Akwai mai tuna waƙar niƙa ko ɗaya? Don Allah ku rubuto min.