Ƙwan Zabin Baba ta Hanci

Shekarata ta biyu ina koyarwa a firamare a Tambuwal aka aiko mini daga Kebbe cewa bijimin noma ya soki Baba a ciki. Kafin in isa gida an ɗora shi a bayan motar hatsi an nufi Sakkwato. Na bi su a kan sabon babur ɗina, irin wanda kowane malamin makaranta ya saya a shekarun nan da aka ce arzikin mai ya zo.

An yi masa aiki, aka sa shi a wani ɗaki na musamman mai gado huɗu, inda ba a shiga da takalmi. Ga robar ƙarin ruwa a hannu, ga wata siririya da aka zura ta hanci har cikinsa, don ba ya iya haɗiye ko miyau. Ta nan aka ce za a riƙa ba shi abinci da babban sirinji.

Mu kuwa muka nuna mun waye. Yayana, wanda ya fara samun kwangila a birni, ya kawo katan na lemun kwalba da gwangwanayen gulukos masu rubutun ƙasar waje. 'Yan dubiya ma haka, kowa da biskit, ga mutumin da bakinsa ba ya buɗuwa. Inna tana dama kunun gero tsararo kamar ruwan wanke ƙwarya, mu zuba gulukos a ciki mu miƙa wa ma'aikatan ɗakin, muna jin babu majinyacin da ya kai namu gata.

Sati biyu, ɗinkin bai kama ba. Cinyoyin Baba suka zama kamar kara, ƙafafunsa suka kumbura. Inna ta ga kumburin ta ce alhamdu lillahi, ya fara ƙiba.

Wata safiya babbar nas ɗin ɗakin, wata dattijuwa da kowa ke kira Sista, ta kira mu baranda ni da Inna. Ta ɗaga kwanon kunun ta karkata shi.

"Wannan kuke ba shi tun da ya zo?"

Na ce e, har da gulukos na waje.

Ta ce, "Malam, ruwan da ke hannunsa ma sukari ne da gishiri. Likita ya ce ciwo irin wannan nama yake nema ya cike. In bai samu a abinci ba, sai jikin ya ci kansa. Shi ne kuke gani. Me kuke kiwo a gida?"

Na lissafa mata shanu, awaki, zabi, kaji. Na ce akwai wake da gyaɗa a rumbu.

Ta dube ni, ta dubi katan ɗin lemun. "Ka ce kai malamin makaranta ne?"

A ajina akwai wani hoto manne a bango mai taken abinci mai gina jiki. Duk ranar Laraba nakan nuna shi da bulala yara su maimaita. Cuku ne a jiki da wani jan nama a faranti da cokali mai yatsu, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa da zabin gidanmu ake ba.

Inna ce ta ƙi. "Ɗiyata," ta ce wa Sista, "mai miki ba a ba shi ƙwai, ba a ba shi nono ko gyaɗa. Mugunya suka tarawa. Mu haka muka taras."

Sista ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Mama, zo ki gani." Ta shigar da ita ciki ta ɗaga bandejin. Ban san abin da Inna ta gani ba, ni dai ta fito tana goge ido da gefen mayafi, ta ce mini, "Hau babur ɗinka ka tai gida. Ka ce su tatso saniyar nan mai ƙaho guda."

Haka na zama ɗan aike tsakanin Kebbe da Sakkwato. Ƙwai a cikin ƙwarya an binne su a dusa, garin wake a ƙulli, busasshen kifi daga kasuwa. Tafiyar farko, kafin in fita ramukan hanyar Kebbe rabin ƙwan ya zama miya a wandona. Madara kuwa ba ta jure tafiyar, sai muka koma sayen ta wurin wata Bafillata a bayan asibiti, mu da muke da garke.

Inna ta kafa murhu a gindin dalbejiya inda masu jinya ke girki. Ta tafasa madara, ta dafa ƙwai ta murje shi, ta dama garin wake da na kifi, ta tace sau biyu don kada robar ta toshe. Sista ta auna, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Kwana ukun farko cikinsa ya ɓaci, Inna ta riƙa hararata kamar ni na soke shi. Aka rage yawan, aka ci gaba.

Baba dai tun tasowata ban taɓa ganin ya ci ƙwai ba. A wurinsa ƙwan zabo na kasuwa ne ko na ƙyanƙyasa, wanda ya ci shi kuwa mai ɓarna ne. Yana kwance idonsa biyu yana kallon sirinjin na sauka, mu kuma muka haɗa baki ba wanda zai gaya masa abin da ke ciki.

Wajen sati na uku da fara wannan abincin kumburin ya sauka, gefen ciwon ya yi ja ya fara haɗuwa. Yayana ya zo ya duba, ya ce ai da ma ya san gulukos ɗin nan ba na wasa ba ne.

Ranar da aka zare robar hancin, muka kewaye gadon muna jiran kalmarsa ta farko. Ya daɗe yana motsa baki, sannan ya yafito ni. Na sunkuya.

"Bijimin nan," ya ce, muryarsa kamar ta wani, "kada kowa shi taɓa shi. Ni na ratsa ta gabanshi shina cin harawa."

Na ce masa bijimi lafiya lau. Ban faɗa masa cewa ƙannensa sun yanka bijimin tun washegarin abin ba, sun raba naman sadaka don Allah Ya tashi kafaɗarsa. Duk unguwarmu ta ci, har da mutanen Fakku da suka zo jaje.