Turmin da Na Kai Makaranta

Na shiga ajin yaƙi da jahilci a Karofane furfura ta riga ta fara cin gemuna. Bayan la'asar muke zama ƙarƙashin rumfa, kowa da allonsa a ƙasa, mu duƙa a kai kamar masu tsintar gero cikin rairayi. Ban daɗe da fara haɗa baƙaƙe ba ciwon kai ya same ni. Daga ƙeya yake tasowa, gefen dama kawai, ya bi ta saman kunne ya zo ya zauna bayan ido.

Wana, da muke gida ɗaya, bai yi wata-wata ba. Ya ce, "Karatun nan ne. Kan da ya ƙeƙashe kake ɗura wa boko, ina za shi shiga? Tsagewa za ka yi kamar tsohon tulu." Matata ta goya masa baya. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya, na samu sauƙi kaɗan, ciwon ya dawo. Abin da ya karya mini zuciya shi ne, duk ranar da ban je aji ba sai in ji dama. Na fara yarda dole in bari, alhali a lokacin ne na soma karanta rubutun jikin motoci a kasuwar Buza.

Da muka kai albasa wajen garin Madawa, na ratsa asibitin mishan. Likitar mace ce, Hausarta irin tamu. Na nuna mata goshi, ita kuwa ta zagaya bayana. Ta ce in juya wuya, ya je hagu lafiya, dama ya cije. Ta sa babban yatsa ƙarƙashin ƙashin ƙeya ta danna, sai ga ciwon nan nawa ya harba har cikin ido. Na yi salati da ƙarfi.

Ta ɗauko ƙasusuwan roba ta nuna mini. Ashe kai bisa wasu ƙasusuwa biyu yake zaune, na sama na ɗauke da shi, na biyu kuma a kansa ake juyawa. Daga tsakaninsu jijiya take fitowa ta hau bayan kai. In gaɓar ta gaji, naman wurin ya ɗaure, sai jijiyar ta kai kukan can gaba.

"Baba, mi kake ɗauka a ka?"

Na ce buhun albasa, tun ina saurayi.

"To, yi mini zaman da kake yi a aji."

Na zauna a ƙasa na duƙa. Ta yi dariya har da riƙe baki.

Na ce, "Ɗiyata, gaya mini gaskiya, ba bokon ba ne?"

Ta ce, "Boko bai kai nauyin albasa guda ba. Ka ɗaga allon ya zo wurin idonka. Buhu kuma ka bar wa jaki." Ta koya mini yadda zan riƙa motsa wuya a hankali, ta ba ni magani.

A gida na samu tsohon turmin matata da ya tsage. Garawa na yi da shi har makaranta, tunda an hana ni ɗauka a ka. Na kife shi, na ɗora allo. Abokin zamana ya ce, "Malam, yau fura za a daka mana ko karatu?" Aji ya ɗauki dariya, har da malaminmu. Na bar su suka gama.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, yakan leƙo lokacin cirar albasa in na manta na daɗe a duƙe. Amma na san daga inda yake zuwa, kuma ban sake fashin aji saboda shi ba. Wanda ya yi mini ba'ar fura ma, kafin damina ya garo nasa turmin.