Mai Gishiri da Tsinin Farfesa

Gwaggona, ƙanwar babana, ta yi shekara ashirin da shida tana aiki a ɗaki ɗaya, can ƙasan benen sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, inda babu ko taga sai fanka mai zuƙe iska. Da wankin kwalabe ta fara, takardar sakandare ce kawai a hannunta. Wani tsohon ma'aikaci ya lura hannunta ba ya rawa, sai ya koya mata na'urar da kowa ke tsoron taɓawa. Da ya yi ritaya, na'urar ta koma hannunta.

Ga yadda take yi mana bayanin aikin. Akwai wani gari da ake kira katalis, yana sa iskar gas iri biyu su haɗu da sauri su zama wani abu daban, shi kuwa bai ragu ba. Masu bincike suna son sanin abin da ke faruwa a jikin garin a daidai lokacin. Sai Gwaggo ta danne shi ya zama faifai siriri kamar ɓawon albasa, ta sa cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, ta saki gas, ta haska masa infared, wani haske mai ɗumi da ido ba ya gani. Duk abin da ya maƙale a jikin garin yakan sha rabonsa na hasken, sai alamarsa ta fito a kwamfuta kamar tsini a kan layi. Tagogin akwatin da gishiri ake yin su, domin gilashi yana tare hasken, kuma numfashi kaɗai yana dusashe su. Ita ke goge su, shi ya sa ake ce mata Mai Gishiri. Wanda tari ya taso wa, waje take nuna masa, ko da rigar malanta ya shigo.

A shekararta ta ashirin da biyu aka naɗa sabon shugaban sashe, wani farfesa da ya daɗe yana tinƙaho da wani tsini. A cewarsa, tsinin shaida ce ta matakin da gas ɗin ke bi kafin su haɗu, kuma babu wanda ya riga shi gani. Ya ɗora wata ɗalibar digiri na uku a kan aikin, shi kuma yana shirin kai maganar babban taro.

Gwaggo ba ta natsu da tsinin ba. Ta lura yakan yi tsawo duk ranar da ta shafa wa bawul ɗin bututu, wato abin buɗe gas da rufe shi, sabon maiko. Wata safiya ta rufe gas ɗin gaba ɗaya, ta ɗumama faifan shi kaɗai. Tsinin ya fito tsaf. Ta maimaita har sau huɗu, sannan ta hau bene da takardun.

Farfesa ya duba, ya ture su gefe. Ya ce ta cire waɗannan huɗun daga fayil, ta sa hannu a kan sauran.

"Ranka ya daɗe, wannan tsinin ba naka ba ne," in ji ta. "Na maiko ne. Zafi ke tayar da shi ya sauka a kan garin."

"Ke digiri nawa gare ki?"

"Ko ɗaya. Amma ni na shafa maikon da yatsana."

"To sa hannu, ko ki bar mini ɗakin."

Ta ciro makulli daga jaka, ta ajiye masa a kan takardun. Kwana biyu bayan nan aka kawo mata wasiƙar canjin wurin aiki zuwa sito, wajen raba safar hannu da sabulu.

Mijinta tela ne, mutum mai gudun rigima. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Haba, ki je ki ba shi haƙuri mana."

"Haƙurin me? Zaginsa na yi? Da tsini nake magana."

"To ki ba tsinin haƙuri," ya ce. Ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta je ba.

Sito ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye mana ba. Ta ce hannunta har ƙaiƙayi yake yi. Duk da haka ƙarfe takwas take buɗe ƙofa, ta gyara kantoci, in Farfesa ya wuce ta gaishe shi da ƙarfi yadda dole ya amsa.

Bayan wata biyu ɗalibar ta sauko sito idonta jajir. Ta lalata tagogi uku, faifan kuma duk wanda ta danne sai ya fashe.

"Gwaggo, ki gaya mini gaskiya, aikina ya mutu ne?"

"Zauna, 'yata. Bai mutu ba, datti ya sha."

A kan teburin sito ta koya mata danna faifai. Ta ce ta cire bawul ɗin, ta ɗaura irin wanda ba ya buƙatar maiko, ta gasa akwatin ya fita tas, sannan ta sake gwaji a gaban Farfesa da wasu malamai biyu. Haka ɗalibar ta yi. Babban tsinin ya ɓace. Sai ga wani ƙarami a gefensa, wanda da can babban ya danne, kuma shi ba ya fitowa sai an saki gas. A kansa ɗalibar ta sake gina aikinta, ta kuma gama lafiya.

Farfesa ya janye daga taron. Ya aiko masinja wai Mai Gishiri ta koma ɗakinta.

"Da takarda aka fitar da ni," ta ce wa masinjan, "da takarda zan koma."

Sai da ya yi sati uku yana jan ƙafa kafin ya sa hannu. Ta karɓi wasiƙar, ta karanta a tsaye, washegari ta koma bakin na'urarta. Bai taɓa ce mata yi haƙuri ba, ita ma ba ta jira ba. Ta ƙara shekara huɗu ta yi ritaya.

Yanzu gwiwa ta matsa mata. Makon jiya na kai ta asibiti ɗaukar hoto. Da aka gama sai ta ƙi sauka daga gadon, ta ce wa mai hoton ya sake, ƙafarta ta motsa a na farko. Ya ce, "Mama, aikina ne fa." Ta ce, "Na sani, ɗana. Duba dai." Ya duba, ya gyara mata kwanciya don ya sake ɗauka.