Ƙwaryar Rabi

Bayan sallar isha'i, a gidanmu na Matameye, Kaka takan tura kara cikin murhu, mu kewaye ta. Ni da ƙanwata Rabi kullum sai mun yi gardamar wadda za ta jingina da cinyarta. Yawanci Rabi ke ci.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta Rana da Iska, da suka zo gari baƙi suna neman aiki. Kowa ya rufe ƙofa, wai Rana ta cika zafi, Iska ta cika ɓarna. Yarinya ɗaya ce ta marabce su. Ta ɗora ƙwarya bisa rufin ɗaki, Rana ta wuni tana cika ta da haske, da magariba yarinyar ta rufe da faifai, dare ya yi ta buɗe kaɗan-kaɗan. Iska kuwa ta riƙa yi mata shiƙar gero. Kuma kullum sunan yarinyar nan Rabi.

Ranar da na kasa haƙuri na tambayi dalili, Kaka ta yi dariya har da tari.

"Ke uwar barci, kafin in kai wurin raɗin suna kin yi nisa. Wa zan sa?"

Allah ya jiƙan Kaka, ba ta ga sola ba. Bara mijin Rabi ya dawo cirani daga Kano da farantin sola biyu da bateri, aka ɗora farantan bisa kwanon rufinta. Mu kuwa kuran ɗinmu, wato lantarki, yakan ɗauke ya bar mu da tocila. A rediyo ana ta cewa ranar ƙasar nan da iskarta sun isa su haska kowane gida. Na yarda, amma daga tsakar gidana katangar Rabi kawai nake hange tana walƙiya.

Yanzu ana sallame magariba 'ya'yana ke kwasar littattafansu su tafi can. Nakan yi istigfari, in yi mata addu'ar ƙari, amma ƙyashin bai bar ni ba. Na daina zuwa, sai dai in aika da waya a sa mini caji.

Jiya autata ta dawo da saƙo, wai Inna Rabi ta ce yara sun dame ta da tatsuniya, ita kuwa rabi-rabi take tunawa, in zo in yi musu.

Na miƙe. Sannan na yafa mayafi. A hanya na yanke shawara: yau yarinyar tatsuniyar za ta ci sunana.